Wane kifi zai iya zama da wane a akwatin gilashi mai lita 140 a nan Legas?

Baban Khalifa, Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sa an haɗa mini akwatin gilashi na kifin ado, tsawonsa santimita 90, faɗinsa 40, tsayinsa 40, wanda a lissafi zai ci lita 144, ko da yake idan aka zuba yashi da duwatsu, aka kuma bar sarari a sama, ruwan da zai shiga ba zai wuce lita 120 ba. Burina shi ne in tara kifaye iri-iri masu launi waɗanda za su zauna lafiya da juna a falo. Mai shagon da na je wurinsa ya ba ni shawarar in ɗauki kifin zinare 2, da anjel 2, da taiga bab 4, da gufi 6, da wasu ƙanana 2 da ya kira shak, sannan da fileko 1 wanda ya ce shi zai riƙa share gilashin. Ya tabbatar mini cewa a tanki ɗaya yake ajiye su duka a shagonsa, kuma bai taɓa ganin sun yi faɗa ba. Ban biya kuɗi ba tukuna, domin na ga ya dace in fara jin ta bakin waɗanda suka riga ni a wannan harka. Ruwan gidanmu na rijiyar burtsatse ne, wutar lantarki kuwa sai yadda hali ya yi.

Injiniya, Ketu:

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Madalla da ba ka biya ba, domin a cikin wannan jeri da wuya a sami iri uku da za su cika shekara tare. Abin da mai shagon ya faɗa gaskiya ne a shagonsa, saboda kifayen da ke wurinsa jarirai ne, kuma kwanaki kaɗan suke yi kafin a saye su, alhali kai za ka zauna da su har su girma su nuna halinsu.

Kifin zinare na ruwan sanyi ne, asalinsa daga ƙasar Sin, ya fi walwala tsakanin digiri 18 da 23, yana wuce santimita 20, kuma kashin da yake yi shi kaɗai ya isa ya fi ƙarfin matatar da take tace maka ruwan tanki. Wanda aka ce maka shak, idan mai santsin jiki ne marar ɓawo, mai gashin baki, to ɗan'uwan tarwaɗa ne daga kogin Mekong, a Biyetnam don ci ake kiwonsa, kuma yana kai mita guda. Idan kuwa mai ɓawon azurfa ne da baƙin layi a gefen fiffike, wanda ake kira bala, shi ma yana kai santimita 30 zuwa 35, ga shi da saurin firgita har yakan yi karo da gilashi. Fileko na gama-gari yana kai santimita 40, kuma da ya girma sai ya rage cin gansakuka, ya koma tumɓuke shuke-shuke da cika tanki da kashi.

Babban rikicin zai tashi ne tsakanin sauran ukun. Taiga bab, wanda ya fito daga Sumatra da Borneo, ɗabi'arsa ce ya riƙa tsinke wa wasu fiffike, kuma idan ba su kai 8 ko 10 ba, maimakon su shagala da junansu sai su koma kan maƙwabta. Anjel da namijin gufi su ne suka fi kowa jan dogon fiffike da jela, saboda haka su za su fara shan wahala. Shi kansa anjel, duk da kamalar da ake gani a tafiyarsa, dangin karfasa ne, kuma idan ya balaga duk abin da ya shiga bakinsa abinci ne, har da 'ya'yan gufi.

Ɗan Auta, Idi-Araba:

Yaya Injiniya, a yi mini afuwa, amma ina ganin an tsananta. Akwai ƙa'idar da masu kiwon kifin ado suke yawan ambata, cewa kowane inci ɗaya na kifi yana bukatar galan ɗaya na ruwa, wato santimita 2.5 ga lita 3.8, kuma idan aka bi wannan lissafi tankin Baban Khalifa zai ɗauki kifayen da jimillar tsawonsu ta kai santimita 80. Waɗanda aka lissafa masa ba su kai haka ba a yanzu. Sannan an ce kifi yana girma ne daidai da mazubin da aka sa shi, don haka shak ɗin ba zai kai mita a tankin santimita 90 ba. A otal-otal na Ikeja da Victoria Island muna ganin an gwamutsa iri-iri a wuri guda, kuma suna nan suna yawonsu.

Malamar Bayoloji, Ikorodu:

Ƙanena Ɗan Auta, wannan ƙa'ida tsawo kawai take aunawa, alhali abin da yake gurɓata ruwa nauyin jiki ne. Idan tsawon kifi ya ninka biyu, nauyinsa yakan ninka kusan takwas, shi ya sa kifin zinare ɗaya mai santimita 20 ya fi ƙananan tetra biyar masu santimita 4 ɓata ruwa nesa ba kusa ba, ko da yake a lissafinka daidai suke. Maganar cewa kifi yana tsayawa daidai da mazubinsa kuwa, abin da yake faruwa shi ne gurɓataccen ruwa da ƙunci suna tsumburar da shi, ya yi ta fama da ciwo, ya mutu tun kwanansa bai kai rabi ba. Na otal kuma, galibi akwai wanda ake biya ya riƙa zuwa yana kwashe matattu yana zuba sababbi, baƙo ba ya ganin wannan ɓangaren.

Abin da nake so in jawo hankalin Baban Khalifa a kai shi ne zafi, domin yawancin jerin kifaye masu jituwa da ake samu a intanet an rubuta su ne don mutanen Turai da Amurka, waɗanda suke sa na'urar ɗumama ruwa su tsayar da shi a digiri 24 ko 25. Mu a nan matsalarmu akasin tasu ce. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ruwan tanki a falon da ba a sanyaya shi yakan zauna a digiri 29 zuwa 31, kuma ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar oksijin sosai: a digiri 20 lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne, ga shi a lokacin ne jikin kifi ya fi bukatarta. Saboda haka akwai kifaye masu sanyin hali da za su dace da kowa a takarda, amma ba su dace da Legas ba. Daniyo mai zanen jakin dawa daga Indiya, da tetra niyon, da koridoras mai ɗigo-ɗigo kamar barkono, duk sun fi son ƙasa da digiri 26. Niyon ɗin ne aka fi yaudaruwa da shi saboda arha da kyau. Ɗan'uwansa kadinal, wanda jan layinsa ya taso tun daga kai har jela, ba rabin jiki kaɗai ba, ya fito ne daga kogin Negro na Brazil inda ruwa yake da ɗumi, don haka shi ya fi jure mana, sai dai ya fi tsada.

Maman Ummi, Ajah:

Ni a ganina, ga wanda zai fara, babu kamar masu haihuwar 'ya'ya maimakon yin ƙwai, wato gufi da filati da moli da mai jelar takobi. Ba su da tsada, ana samunsu a kowane shago, suna cin duk abin da aka ba su, launinsu kuma yana burge yara. Gufi ma ai ya zama ɗan gari, domin duk wanda ya leƙa manyan magudanan ruwa na Legas zai gan su suna cin 'ya'yan sauro, ko da yake asalinsu daga Benezuwela da Tirinidad ne. Kifin da ya rayu a kwata ba zai gagara rayuwa a falo ba. Sharaɗin kawai shi ne a sa mata biyu ko uku ga kowane namiji, don kada ya takura wa guda ɗaya da bibiya. Macen gufi tana haihuwa kusan duk bayan mako huɗu, takan zubo 'ya'ya 20 zuwa 40, kuma tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta ta ci gaba da haihuwa watanni bayan an raba su. Wanda ba ya son tanki ya cika, sai ya ɗauki maza zalla, su ne ma masu adon.

Injiniya, Ketu:

Hajiya, Allah ya ƙara sutura, a nan kam zan ɗan saɓa miki, kuma dalilina ruwan burtsatse ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a yawancin unguwannin Legas yana fitowa ne daga yashi, ba daga dutsen farar ƙasa ba, saboda haka yana da tsami, ma'aunin tsamin ruwa na pH, wanda 7 ne tsaka-tsakinsa, yakan nuna 5 zuwa 6, kuma ba shi da ma'adinai sosai. Masu haihuwa, musamman moli da filati na Meziko da Amurka ta Tsakiya, ruwa mai ma'adinai suke so, wanda pH ɗinsa ya haura 7. Idan aka sa moli a ruwa mai tsami, za a ga ya matse fiffikensa yana rangaji a wuri guda, daga nan sai farin naman gwari ya kama shi. Gufin kwata kuma ba ɗaya yake da gufin shago ba. Na shago an yi ta haɗa dangi da dangi don a fitar da babbar jela, har ƙarfin jikinsa ya ragu.

Tunda Allah ya ba mu ruwa mai ɗumi mai tsami, wanda mutanen Ingila suke kashe kuɗi su haɗa irinsa, ya fi sauƙi mu zaɓi kifin da ya fito daga irin wannan ruwa: na Amazon, na fadamun Malesiya da Indonesiya, da na kudancin ƙasar nan. Da wannan hujja ce kuma nake hana mutane siklid, wato dangin karfasa, na tafkin Malawi, masu shuɗi da ruwan ɗorawa da ake tallatawa sosai, domin ruwan tafkinsu yana kusa da pH 8, ga su da faɗan da ba wanda zai iya zama da su.

Maman Ummi, Ajah:

Injiniya, ban musa maka tsamin ruwa ba, amma maganinsa ba shi da wuya. Dakakken ɓawon katantanwar teku, irin wanda ake haɗa wa kaji masu ƙwai a abinci, idan aka wanke shi aka ɗaure cikin ƙyalle aka sa a matata, a hankali yake narkewa yana ɗaga ma'adinan ruwan. Filatina da shi suke rayuwa suna hayayyafa. Mu a ɓangaren Ajah da Lekki abin da ya fi damunmu ƙarfe ne a cikin ruwa, wanda yake sa shi ja idan ya kwana, sai an bar shi ya kwanta a duro an tace. Abin da na yarda da shi a maganarka shi ne mutum ya zaɓi ɓangare ɗaya, ko ya sa ɓawon ya riƙe masu haihuwa, ko ya bar ruwan yadda yake ya riƙe tetra, amma kada ya ce zai gamsar da duka biyun.

Baban Khalifa, Agege:

Na gode ƙwarai da wannan ilimi. Na sayi ma'aunin zafi da ruwan gwajin pH kamar yadda bayananku suka nuna. Ruwan da na tara kai tsaye daga famfo ya nuna 5.5, wanda ya kwana a bokiti kuma ya nuna kusan 6.5, ban san dalilin bambancin ba. Zafin ruwan tankin da la'asar digiri 30 ne, da asuba 28. Na fi karkata ga barin ruwan yadda yake, domin ba na son abin da zai sa in riƙa aune-aune kullum.

Baba Ɗan Yawuri, Epe:

Assalamu alaikum. Ina bin wannan muhawara tun farkonta, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne an zaga Brazil da Sumatra da Meziko, ba wanda ya tsaya a gida sai Injiniya da ya ambata a taƙaice. Mu da muka gaji sana'ar kamun kifi, muka kuma zauna a bakin ruwan Epe, mun san cewa daga kogunan kudancin ƙasar nan ake kama ƙananan kifaye, a ɗura su a leda da iska, a kai su filin jirgin sama na Murtala Muhammed a tura Turai da Amurka, inda ake sayensu da daraja. Mu kuma sai mu sayi nasu da aka yi wa doguwar tafiya suka iso a galabaice.

Ɗana Baban Khalifa, kifin da nake ba ka shawara shi ne kiribensis, wanda masana suke kira Pelvicachromis pulcher. Ɗan yankin Neja Delta ne da gaɓar Kamaru, ƙaramin ɗan'uwan karfasa, namiji yakan kai santimita 10, mace ba ta wuce 7 ko 8. Macen ce ta fi ado, cikinta yakan yi ja jawur idan tana son aure, har ta riƙa lanƙwasa jiki tana nuna wa namijin. A cikin rami suke ƙwai, kuma idan 'ya'ya suka fito, uwa da uba tare suke kora su kiwo a ƙasan tanki, da magariba su mayar da su rami. Duk wanda ya taɓa ganin wannan ba zai sake sha'awar kifin da yake cinye 'ya'yansa ba. Ruwanmu nasa ne, zafinmu nasa ne, kuma ba ya zaɓen abinci.

A sama kuma akwai mai fitilar ido, ɗan ƙaramin kifi mai santimita 4 wanda saman idonsa yake ƙyalli da shuɗi, ana samunsa a ƙoramun Afirka ta Yamma, idan aka zuba 12 abin kallo ne. Akwai kifin malam-buɗe-littafi, mai shimfiɗa fiffike a fuskar ruwa yana jiran ƙwari. Akwai mai haɓar giwa, dangin miligi, na kogin Neja da kogin Ogun, wanda yake fitar da 'yar wutar lantarki marar ƙarfi yana laluben hanya da ita cikin duhu. Akwai kifin gora mai kama da maciji, da gartsa, da ƙananan ƙurungu. Hatta shukar da ta fi kowace juriya a tanki, anubiyas, daga dazuzzukan Nijeriya da Kamaru take, ba ta son haske mai yawa, a kan ice ko dutse ake ɗaure ta, idan aka binne jijiyarta mai kauri sai ta ruɓe.

Malamar Bayoloji, Ikorodu:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ka tunatar da mu abin da bai kamata mu manta ba. Sai dai ina roƙon izini in ce zama ɗan gida ba ya nufin zama mai haƙuri. Gartsa yana kai santimita 30, kuma da dare yake farauta, haɗa shi da mai fitilar ido ba wa kura ajiyar nama ne. Kifin malam-buɗe-littafi ma haka, bakinsa ya fi yadda ake zato faɗi, duk ƙaramin kifin da ya hau sama ya zama nasa. Mai haɓar giwa yana wuce santimita 20, yana son yashi mai laushi da duhu da tsutsa mai rai ko daskararriya, ba ya jure magungunan da ake zuba wa tanki, kuma idan aka sa biyu babban yakan addabi ƙaramin har ya daina ci. Kifin gora yana wuce santimita 30, kuma ta kowace 'yar kafa yake sulalewa waje. Yawancin ƙurungun kogunanmu suna kai santimita 20 zuwa sama. Duk waɗannan sai tanki mai tsawon santimita 120 ko fiye.

Kiribensis kam na amince da shi, amma da sharaɗi. Muddin suka yi ƙwai, mata da mijin sukan mallake kusan rabin ƙasan tankin, duk wanda ya sauko su far masa. Wanda ya fi shan wuya shi ne koridoras, domin shi a ƙasa yake kiwo, kuma ba ya gane iyaka, ko an kore shi zai dawo, har akan cire masa ido. A tankin santimita 90 ƙasan na iri ɗaya ne, ko kiribensis ko koridoras.

Baba Ɗan Yawuri, Epe:

'Yata Malama, maganarki a kan gartsa da sauran manyan daidai ce, na lissafa su ne don a san arzikin da ke ruwanmu, ba don a zuba su duka a tankin Agege ba. Amma a kan kiribensis ina ganin kin ɗan yi masa ƙari. Faɗansa na tsaron 'ya'ya ne, ba irin na wani jan ɗan'uwan karfasa mai ɗigo-ɗigo masu ƙyalli ba, wanda shi kam ko ba dalili sai ya kashe. Idan aka aje ramin a kusurwa ɗaya, aka gitta ice da shuke-shuke a tsakiya yadda ba zai hango ɗaya ɓangaren ba, abin da bai gani ba ba ya binsa. Kuma kasancewar ƙananan kifaye suna yawo a sama yana amfanar ma'auratan, domin idan ba su da wanda za su kora, kan junansu suke komawa. Duk da haka, tunda yaron nan farawa yake yi, na yarda ya bar koridoras idan ya zaɓi nawa.

Injiniya, Ketu:

Baban Khalifa, bambancin da ka gani tsakanin 5.5 da 6.5 iskar kabon ce da take narke a ruwan ƙarƙashin ƙasa, idan ruwan ya sha iska sai ta fita tsamin ya ragu. Wannan yana nuna maka cewa kada ka taɓa zuba ruwan burtsatse kai tsaye, ka bar shi ya kwana a buɗaɗɗen duro tukuna. Masu ruwan famfon gwamnati kuma sinadarin kilorin ne abin tsoronsu, sai sun sa maganin kashe shi.

Ga abin da zan zuba da tankin nawa ne. A tsakiya, garke ɗaya na kadinal 12, ko rasbora mai baƙin alwatika a gefe 12, wadda ta fi kadinal arha da juriya. Garke ɗaya babba ya fi iri uku huɗu-huɗu kyau da kwanciyar hankali, domin waɗannan kifaye idan ba su da yawa tsoro yake kama su, launinsu ya dushe. A sama, gurami mai ɗigon lu'ulu'u, namiji 1 da mace 1 ko 2, suna kai santimita 12 kuma ba su da fitina. Ka guji gurami shuɗi mai ɗigo uku, namijinsa mugu ne, ka kuma guji ɗan ƙaramin gurami mai ja da shuɗi, domin wata cutar bairos ta yi yawa a cikin waɗanda ake shigowa da su, kuma ba ta da magani. A ƙasa, koridoras sterbai 6 a kan yashi mai laushi, don tsakuwa mai kaifi tana cinye musu gashin baki, kuma shi ne irin da yake jure digiri 28. Idan kana son mai cin gansakuka, fileko mai gemu 1, wanda ba ya wuce santimita 13, amma ka sa masa ice ya riƙa gurgura.

Na zaɓi gurami da koridoras ne saboda ɗauke wuta. Gurami yana da wata gaɓa a kansa da yake shaƙar iska kai tsaye daga sama, koridoras kuma yakan haura ya haɗiyi iska ya sarrafa ta a hanjinsa, saboda haka idan famfon iska ya tsaya su ne na ƙarshen galabaita. Ka yi amfani da matatar soso, wadda famfon iska mai wat 3 zuwa 5 yake tafiyar da ita, ka sami irin mai batir a ciki ko ka jona shi da inbata. Rufaffiyar matata ta waje idan ta yi sa'o'i a tsaye ƙwayoyin bakteriya masu tsabtace ruwa da ke cikinta sukan mutu, wuta na dawowa ta tura ruɓaɓɓen ruwa cikin tanki. Lokacin tsananin zafi kuma, 'yar fanka da take hura fuskar ruwa tana sauke digiri 1 zuwa 2.

Ɗan Auta, Idi-Araba:

Na karɓi gyara a kan lissafin inci. Amma ina tambaya a madadin Baban Khalifa, tunda na ga anjel ne ya fi ɗaukar ido a jerin farko: idan aka cire taiga bab, me zai hana a sa anjel ɗaya tak a maimakon gurami? Shi ma ɗan Amazon ne, yana son ɗumi da ruwa mai tsami.

Maman Ummi, Ajah:

Ɗan Auta, a nan ina bayanka da rabi. Anjel ɗaya da ya taso tun yana ƙarami tare da rasbora yakan zauna da su lafiya, domin jikin rasbora yana da faɗi, ba ya shiga bakinsa da sauƙi, saɓanin niyon da kadinal masu siririn jiki. Abin da zai hana shi ne tsayin tankin. Anjel balagagge daga saman fiffike zuwa ƙasa yana kai santimita 20, tankin Baban Khalifa kuwa idan aka cire yashi da sararin sama, zurfin ruwan bai fi santimita 32 ba, fiffikensa zai riƙa jan ƙasa. Da tsayin ya kai 50 da na ce bismillah.

Malamar Bayoloji, Ikorodu:

Kowane jeri aka zaɓa, akwai matakin da idan aka tsallake shi kifayen da suka fi kowa jituwa ma za su mutu a makon farko. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya da suke zama a jikin soso suna mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin wani sinadari dabam da ake kira naitiret, wadda ake rage ta da canjin ruwa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, ko da yake ɗumin Legas yana hanzarta su, tsohon soso daga tankin wani mai lafiya kuma ya fi komai gaggauta aikin. A kunna matata, a riƙa jefa ɗan abinci kullum babu kifi, har gwaji ya nuna amoniya da naitirait sun koma sifili. A lura kuma cewa idan pH ya faɗi ƙasa da 6 ƙwayoyin sukan yi sanyi, don haka ɗan ɓawon Hajiya cokali ɗaya yana da amfani ko a tankin tetra, don ya hana ruwan zurmawa cikin tsami.

Bayan haka a zuba kifi kashi-kashi da tazarar mako biyu, masu sanyin hali su fara shiga, mai kare wuri ya zo ƙarshe. Sabon kifi a killace shi a wani mazubi mako 2 zuwa 4, domin cutar fararen ɗigo da shi take shigowa. A canza rubu'in ruwan duk mako, a wanke soso a ruwan tankin da aka ɗebo, ba a famfo ba. Dabbar da muka tsare haƙƙinta yana wuyanmu, hadisin matar da ta kulle kyanwa sananne ne ga kowa. Kuma wanda kifinsa ya fi ƙarfin tankinsa ya mayar shago ko ya ba wani, kada ya sake shi a kwata ko a lagun. Ciyawar nan mai shuɗin fure da take toshe mana hanyar jiragen ruwa a Ikorodu ita ma daga Kudancin Amurka take, don ado aka yaɗa ta a duniya, ta shigo mana ta ruwan Badagry a 1984, har yau ana fama da ita.

Baban Khalifa, Agege:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan haɗa shawarar Baba da ta Injiniya: rasbora 12, gurami mai ɗigon lu'ulu'u 2, kiribensis mata da miji, babu koridoras. Injiniya ya yi haƙuri, ina son yara su ga yadda kifi yake renon 'ya'yansa. Baba, ta yaya zan tabbatar cewa namiji da mace na saya, kuma wane irin rami zan tanadar musu?

Baba Ɗan Yawuri, Epe:

Namiji ya fi tsawo, fiffiken bayansa yana ƙarewa da tsini, jelarsa kuma ta yi kusurwa a tsakiya. Mace gajera ce mai kumburin ciki, fiffikenta a zagaye yake, jan cikinta kuma ba ya ɓuya idan ta tasa. Ka tsaya a gaban tankin mai shago ka ɗan jima kana kallo, idan ka ga biyu suna bin juna suna korar saura daga wata kusurwa, su za ka ce a kamo maka, kuma namijin ya ɗan fi macen girma. Rami kuwa, ka raba ƙoƙon kwakwa biyu, ka kankare shi, ka tafasa, ka fasa masa ƙofar da ba ta wuce santimita 4 ba, ka kife shi a kan yashi. Ka yi guda biyu, ɗaya a kowace kusurwa, ƙofofin kada su kalli juna, don idan suka saɓa macen ta sami wurin fakewa. Gurami yakan sauko ƙasa neman abinci, saboda haka ka sa masa shuke-shuke masu yawo a sama, ka riƙa zuba abincinsa a ɓangaren da ba su zaɓa ba. Idan 'ya'ya suka kai santimita 2, ka fara neman masu karɓa tun kafin iyayen su sake yin ƙwai, domin a lokacin ne suke juya wa na farkon baya.